Faranti Uku Ko Huɗu? Yadda Ake Zaɓa Wa Tarakta Garma Daidai Ƙarfinta

Da zarar ruwa mai kyau ya sauka a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, kowa a Gombe tarakta yake nema, kuma a rana ɗaya ake nemanta. Mai tarakta ya riga ya karɓi kafin alƙalami daga manoman Kumo, na Deba suna kiran waya, na Dadin Kowa sun aiko yaro ya zauna a ƙofar gida. A irin wannan matsi ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne tsada: a ɗauko garma mai faranti huɗu a rataya wa taraktar da uku ne iyakarta, wai don a gama da wuri. Daga nan sai hayaƙi baƙi, taya na juyawa a wuri ɗaya, gas na ƙonewa, kafin damina ta raba tsakiya an sauke inji a wurin bakanike.

Lambar da aka rubuta a jikin tarakta ba ita kaɗai ke zaɓen garma ba. Ƙasar gonar ce ke da magana ta farko, sai nauyin taraktar da lafiyar injinta. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

Mataki na farko: san ƙarfin da ke hannunka da gaske

Taraktocin da suka fi yawa a wajenmu an san ƙarfinsu. Massey Ferguson 240 tana da ƙarfin doki 50, 260 tana da 60, 375 tana da 75, 385 kuma 85. New Holland TT75 da John Deere 5075E duk 75 ne. Idan takardar taraktarka da kilowat aka rubuta, kilowat ɗaya ya kai doki 1.34, wato kilowat 56 shi ne doki 75.

Amma wannan ƙarfin a cikin inji aka auna shi, inji sabo, a masana'anta. Kafin ya bi ta giya ya sauko taya ya taɓa ƙasa, an ci shi a hanya. Giya da famfon haidirolik suna ɗaukar nasu kason, wajen kashi 15 cikin 100. Taya kuma tana ɓarar da wani wajen santsi da nutsewa. A busasshiyar ƙasa mai ƙwari, abin da ke isa ga garma bai wuce kashi 60 cikin 100 ba. A rairayi ko jiƙaƙƙiyar laka, rabi ne, wani lokaci bai kai ba. Saboda haka mai doki 75, in ta shiga gona mai laushi, da doki 35 zuwa 40 take jan garma.

Sai maganar shekaru. Har yanzu akwai tsofaffin Steyr, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Bauchi tun wajen ƙarshen shekarun 1970, suna aiki a ƙauyuka, ga kuma Massey na hannu da ake shigowa da su. Injin da ringinsa ya cinye, yana shan baƙin mai, nozul ba a taɓa wanke su ba, kada ka lissafa shi da lambarsa ta asali. Ni dai in tarakta tana wahalar tashi da safe ko tana hura hayaƙi ta bututun numfashin inji, rage mata kashi ɗaya cikin biyar nake yi a lissafi. Matatar iska da ƙurar rani ta toshe ita ma tana cin ƙarfi, kuma wannan kam gyaransa ba ya cin kuɗi: a fito da ita a kakkaɓe, in ta mutu a sauya.

Mataki na biyu: taka gonar da ƙafarka

Nan ne ya kamata mutum ya daɗe, domin ƙasar jihar Gombe ba iri ɗaya ba ce, ko kusa. Yamma da arewa maso yamma, wajen Dukku har ka gangara Darazo da Alkaleri a jihar Bauchi, jigawa ce mai zurfi, jan rairayi, garma na shiga ba gardama. Gabas kuma, Yamaltu/Deba da kwarin kogin Gongola har zuwa wasu sassan Balanga, akwai baƙar laka, wadda ke dardarewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa, da damina kuma ta kama takalmi ta cire maka shi. Kudu, wajen Kaltungo da Billiri, ga duwatsu da tsakuwa da gangare. Garmar da tarakta ta ja tana wasa a Dukku, ita ce za ta durƙusar da ita a Deba.

Masana injinan noma suna auna taurin ƙasa da yawan kilo da ake bukata a yanka kowane murabba'in santimita ɗaya na bakin yankan. A ƙiyasce, jigawa tana cin kilo 0.2 zuwa 0.35. Ƙasa tsaka-tsaki, mai yashi da ɗan yumɓu, 0.4 zuwa 0.55. Laka 0.7 zuwa 0.8. Baƙar laka kuwa in ta bushe tana wuce kilo 1. Ka ga tsakanin jigawa da laka an ninka kusan sau uku, alhali garma ɗaya ce, zurfi ɗaya.

Damshi ma yana juya lissafin gaba ɗaya. Ka haƙa da fartanya kamar tsawon tafin hannu, ka ɗebo ƙasar ƙasan, ba ta sama ba, ka dunƙule. In ta ƙi dunƙuluwa, tana zuba ko tana nan kamar dutse, ruwa bai ratsa ba, a jira. In ta dunƙulu, ka danna da babban yatsa ta marmashe, to lokacin ke nan. In kuwa ta lanƙwashe tana sheƙi tana manne wa yatsu, ruwa ya yi yawa: faranti zai cika da taɓo, taya ta yi ta santsi, kuma ƙasar da aka juya za ta bushe ta zama manyan hoge da haro, wato abin da ke bin bayan garma yana marmasa ƙasa, ba ya iya fasawa. A baƙar laka tazarar da ke tsakanin “ta yi tauri” da “ta yi taɓo” kwanaki kaɗan ce, shi ya sa mai irin wannan gona ya kamata a sa shi gaba a layi ranar da ƙasarsa ta nuna, mai jigawa zai iya jira.

Ka kuma duba abin da ke ɓoye: kututture, sauyoyin itatuwa a sabuwar gona, suri, marmara a ƙarƙashin ƙasa, da ciyawa mai saiwa irin tofa da ƙiri-ƙiri. Dalilin da ya sa garma mai faranti ta fi karɓuwa a nan ke nan, faranti yana mirginawa ya haye kututture maimakon ya kafe. Duk da haka kowane karo yana girgiza boris, a sa alama a wurin da sanda tun kafin a shiga.

Wata magana da masu haya ba su cika son faɗa ba: ba kowace gona ke bukatar garma ba. Jigawar da ake nomawa duk shekara, haro da rija sun ishe ta. Juya rairayi da zurfi yana binne ɗan takin da ke sama, ya fito da ƙasar da ba ta da komai, ya kuma saki gonar ga ruwa. Duk wanda ya ga kwarurrukan da zaizaya ta haƙa a cikin garin Gombe ya san abin da ruwa ke yi wa sakakkiyar ƙasa. In akwai gangare, a yanka shi a kwance, kada a bi shi sama da ƙasa.

Mataki na uku: lissafin

Ba shi da wuya, wayar hannu ta isa. Farantin da aka fi samu a kasuwa mai inci 26 ne, kowanne yana yankan faɗin santimita 25 zuwa 30. Mai faranti biyu tana ɗaukar wajen santimita 54, mai uku 80, mai huɗu 107. Zurfin da masara da dawa da auduga ke so santimita 20 ne, ko ɗan sama da haka. Gudun da ya dace da garma kilomita 5 zuwa 7 ne a awa.

Ka ninka faɗi da zurfi, ka ninka da taurin ƙasa, abin da ya fito shi ne kilon da tarakta za ta ja. Ka ninka wannan da gudu, ka raba da 270, ka samu ƙarfin dokin da ake bukata a bakin garma. Daga nan ka ninka sau biyu da rabi: sau biyu saboda abin da ke ɓacewa a giya da taya, rabin kuma ajiya ce don wurin da ƙasa za ta yi gardama ba zato.

Ɗauki mai faranti uku a jigawa. 80 sau 20 ya ba da 1,600. Sau 0.3, kilo 480. Sau gudun kilomita 6, a raba da 270, doki 11. Sau biyu da rabi, 27. Ka ga Massey 240 za ta ja faranti uku a Dukku da sauran ƙarfi a hannunta.

Kai wannan garmar Deba. 1,600 sau 0.8, kilo 1,280. A gudu ɗaya, doki 28 a bakin garma, wato inji mai doki 70. Mai doki 75 lafiyayya za ta yi, amma ta cika cif, ba wurin ƙari. Ƙara mata faranti na huɗu, jan ya haura kilo 1,700, injin da ake bukata ya kai doki 95. Mai doki 50 kuwa a wannan laka faranti biyu ne rabonta, lissafinsu yana tsayawa a 48.

Akwai abin da direbobi da yawa ba sa lura da shi. In mai gona ya tsaya a kanka ya ce, “Malam direba, a ƙara nitsa ta,” ka sauke daga santimita 20 zuwa 25, ka ƙara rubu'in nauyi ke nan. Waccan mai faranti uku a laka ta tashi daga doki 70 ta koma kusan 90. Santimita 5 kacal, amma ya kusa zama kamar an ɗaura faranti guda. Wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san wannan a hannunsa: ɗan danna ta ƙasa kaɗan, sai ka ga bijimai sun sunkuyar da kai suna haki.

Don saurin tunawa: a ƙasa mai nauyi, ka ba kowane faranti doki 23 zuwa 25; a tsaka-tsaki, 15 zuwa 18 sun isa.

To ina ribar faranti na huɗun? Mai uku a kilomita 6, in an cire rubu'in lokaci na juyawa a bakin gona da tsaye-tsaye, tana cin hekta 0.36 a awa, kusan hekta 3 a awa 8, wato eka 7 da ɗoriya. Mai huɗu a bayan taraktar da ba ta kai ba dole a koma ƙaramar giya, gudu ya faɗo kilomita 4, aikin ya tsaya a hekta 0.32 a awa. An ƙara faranti, an rage aiki, an ƙara gas. Sauri ya haifi nawa. Kuma a wannan jan-ƙafar faranti ba ya wurga ƙasa ya kife ciyawa, ture ta gefe kawai yake yi.

Ɗaya ɓangaren ma akwai asara, ko da yake ba ta kai wannan ba. Tarakta mai doki 90 da garma mai faranti biyu ɓarnar gas ce, kuma in garmar mai sirantaccen ƙarfe ce, ranar da ta kama kututture taraktar ba za ta tsaya ba, gindin garmar ne zai lanƙwashe. In dole ta sa a ja ƙaramar garma da babbar tarakta, a ƙara giya ɗaya sama a sassauta totur.

Mataki na huɗu: nauyi da taya

Sau da yawa direba zai ce tarakta “ba ta da ƙarfi,” alhali injin lafiya lau, nauyi ne babu. Tarakta mai ja da ƙafafun baya kaɗai tana iya jan kamar rabin nauyinta a ƙasa mai kyau. Mai doki 75 nauyinta yana wajen tan biyu da rabi. Kwatanta da kilo 1,280 na lissafin Deba, za ka ga an zo bakin iyaka. Abin da ke ceto shi ne nauyin garmar da ƙasar da take ɗagawa suna danna ƙafafun baya, sai kuma nauyin da kai ka ƙara.

Mafi araha shi ne ruwa a taya. A ɗaga ƙafar da jak, a juya bawul ya koma sama, a cika ruwa har ya kai bakin bawul, wato kashi uku cikin huɗu, sauran a bar wa iska. Taya mai lamba 16.9-30 tana shan sama da lita 250, biyun sun haura rabin tan. A tabbata an zuba daidai a kowane gefe. Iskar tayar baya a gona awo 12 zuwa 16 ne a ma'aunin mai faci. Wanda ya bugo ta tamau saboda tafiyar kwalta daga Gombe zuwa Bajoga, in ya iso gona ya rage, domin taya mai tauri ba ta shimfiɗuwa ta kama ƙasa. Tayar da haƙoranta suka cinye kuwa, ba ruwan da zai gyara ta.

Gaba ma yana son nasa. Garma mai faranti uku ta kai kilo 350 zuwa 450, kuma a can baya take rataye. In ka ɗaga ta ka ji sitiyari ya yi sako-sako, ko goshin tarakta yana ɗagawa a kan kunya, a rataya ƙarafan nauyi a gaba. Aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na nauyin tarakta ya zauna a ƙafafun gaba. Mai ja da ƙafa huɗu ta fi samun sauƙi a duk wannan, shi ya sa a fadamar shinkafa take yin aikin da mai ƙafa biyu da ta fi ta doki ba ta iyawa.

Mataki na biyar: ɗaurawa da saiti

Duba kusoshin ratayawa tukuna. Ƙananan garmuna suna zuwa da kusa mai kaurin milimita 22, manya da 28. Kada a zura siririyar kusa a babban rami a bar ta tana kaɗawa, akwai zoben cikewa da ake sakawa.

A gona, tayar dama ta baya tana tafiya ne a cikin ramin da faranti na ƙarshe ya bari, don haka tarakta a karkace take, garma kuwa dole ta kwanta daidai da ƙasa. Bayan zagaye na biyu ka tsaya ka sauko. Daga baya ka duba: in gefe ɗaya ya fi nitsewa, ka murɗa hannun da ke kan ƙarfen ɗagawa na dama. Daga gefe ka duba: in farantin gaba ya fi cin ƙasa, ka tsawaita sandar sama ta tsakiya, in na baya ne ya fi ci, ka gajarta ta. Farantin farko ya yanki faɗi daidai da 'yan uwansa. In yana cin fiye da kima, ka ƙara wa kanka nauyin da ba ya cikin lissafi.

Ƙaramar ƙafar ƙarfe da ke bayan garma ita ke riƙe turin da ƙasa ke yi wa farantai zuwa gefe. In ka ga direba yana kokawa da sitiyari ko yana taka birki ɗaya don ya miƙe layi, daga nan matsalar take, a gyara mata kwana da sifirin. Shi kansa faranti yana fuskantar hanya da kwana 42 zuwa 45, yana kuma kishingiɗe baya da kwana 15 zuwa 25. A ƙasa mai tauri a miƙar da shi tsaye kaɗan don ya huda, a mai danƙo a ƙara kwantar da shi. Makankaran da ke goge taɓo daga faranti, waɗanda ake yawan cirewa a jefar, a laka su ne rabin aikin. Giris a boris kullum da safe.

Sai sandunan haidirolik guda biyu da ke gefen kujera. Ɗaya tana tsayar da garma a tsayi ɗaya, ɗaya tana jin nauyin ja: in ƙasa ta yi tauri ta ɗan ɗaga garma da kanta, in ta yi laushi ta mayar. Wannan ta biyun ita ce ta aikin garma, dabarar da Harry Ferguson, wanda sunansa ke jikin Massey Ferguson, ya fito da ita. Direban da ke aiki da ta farkon shi ne za ka ga hannunsa kullum a kan sanda, gonar kuma ta fito tudu da kwari.

Mataki na shida: gwaji kafin a ci gaba

Auna mita 100, ka kafa sanda biyu. In tarakta ta ci su a daƙiƙa 60, kilomita 6 ke nan a awa, in a 72, kilomita 5.

Sannan santsi. Shafa alli ko fenti a gefen tayar baya. Garma a ɗage, yaro ya bi yana ƙirga juyi 10, a auna nisan. Sai a sauke garma a maimaita. A ce na farko mita 44, na biyu 38: bambancin 6, a raba da 44, kashi 14 cikin 100. Wannan daidai ne, domin abin da ake so 10 zuwa 15 ne, ga mai ƙafa huɗu 8 zuwa 12. In na biyun 34 ya fito, santsi ya kai kashi 23, kusan rubu'in gas ɗinka a goge taya yake tafiya. In kuwa bai kai 8 ba, nauyi ya yi yawa, kana danƙare gonar mutane a banza. Sawun ma yana faɗa: in zanen haƙoran taya ya fito amma ya ɗan rugurguje, lafiya; in ya shafe gaba ɗaya, santsi ya wuce kima.

Injin kuma ka saurare shi. Ana cikin ja, totur a kamar kashi uku cikin huɗu, ka buɗe shi gaba ɗaya. In ya amsa nan take, akwai sauran ƙarfi. In ya yi nishi bai ɗaga ba, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, allurar zafi na hawa, an yi masa yawa. Ka fara da saukowa giya ɗaya. In gudun ya faɗi ƙasa da kilomita 4 da rabi, ka rage zurfi muddin bai gaza abin da shuka ke so ba. In duk bai yi ba, a rage faranti. Wasu garmunan an ƙera su yadda za a kwance guda a matso da ƙafar baya. Abin da ba a yi shi ne ɗora ƙafa a kan kuloci ana lallaɓawa, ranar ƙonewarsa ake matsowa da ita. Ramukan lagireto kuma a busa su kullum, ƙaiƙayin ciyawa na toshe su.

In tarakta ta kafe, a ɗaga garma, a taka fedar da ke kulle ƙafafun baya su juya tare, a gwada fita da baya. In sai an ja, sarƙa a ƙarfen ja na ƙasa ake ɗaura ta. Ɗaura ta a wurin sandar sama, ko ko'ina sama da gatarin baya, yana kifar da tarakta ta baya a kan direba cikin ƙiftawar ido. Yaran da ke hawa kan murfin taya ko kan garma don wai su ƙara nauyi, a sauke su, ko za su yi fushi.

Kai kuma mai gona da ka biya kuɗin haya, ka zo da sanda mai alamar santimita 20. Ka zura ta a ramin garma a bakin gona, ka sake zurawa a tsakiya da can ƙarshe inda ba a zaton za ka je. Ka tone ƙasar da aka juya da ƙafa ka ga ko akwai tsirin da ba a yanka ba a ƙarƙashi. In ka ga ƙaramar tarakta ta iso da faranti huɗu kuma gonarka laka ce, ku yi maganar zurfi tun tana bakin hanya, ku kuma daidaita cewa cikon kuɗi sai an zagaya gonar tare.